Sanyin Kano bai kai jibgegiyar rigar da kake hawa keke da ita ba

Wata ranar Litinin cikin Janairun bara na shiga aji da ƙarfe takwas saura minti biyar, jikina sharkaf da gumi, alhali kowa a ajin ya takure yana hura hannu. Na samu benci a baya na zauna, na zuge zif ɗin rigata don in sha iska. Kafin malam ya gama rubuta taken darasi a allo haƙorana sun fara haɗuwa. Singiletin da ke jikina ya manne min a baya kamar tsumman da aka tsamo daga randa, iskar da ke shigowa ta taga kuma tana bi ta kansa. Haka na yi awa biyu ina karkarwa. Wallahi ko kalma ɗaya daga darasin nan ban fita da ita ba.

Abin haushin, rigar da ta ja min wannan wahalar ita ce mafi tsada a cikin kayana. Baƙa ce, jibgegiya, mai kumbura-kumbura, irin wadda muke gani a jikin 'yan ƙwallon Turai idan suna zaune a benci. A gwanjo na saye ta da kuɗin da zai ciyar da ni mako biyu, kuma ranar da na fara sa ta sai da na yi hoto uku na ɗora a sitatus. An yaba, ba laifi. Sai dai masu yabon ba su ne suke tuƙa keke kilomita tara daga unguwarmu zuwa makaranta a cikinta ba.

Tun daga ranar nake lura da 'yan uwana masu keke a kan titin Gwarzo, daga Kabuga har gaba, kuma kusan dukkanmu kuskure ɗaya muke yi. Muna shirya wa sanyin da muka ji a ƙofar gida, lokacin da muke tsaye muna ɗaure jaka a kariya. Wannan sanyin minti goma kawai yake yi a jikin mai keke. Sauran tafiyar, abin da ke damunsa iska ce da gumi da ƙura da direban da bai hango shi ba. Jibgegiyar riga iskar kawai take tarewa, gumin ƙara shi take yi, idan baƙa ce kuma ta ƙara ɓoye ka daga idon direba.

Wani zai ce yanzu duk matsalolin ƙasar nan a rasa abin rubutu sai rigar hawa keke? To, matsalolin ƙasar ne suka ɗora mu a kan keken. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin Adaidaita Sahu ya bi ta. Acaɓa dama tun 2013 aka hana shi a cikin birnin Kano. Ɗalibin da ake ba kuɗin mota a gida ya zauna ya yi lissafi, ya ga kuɗin zuwa da dawowa na wata biyu ko uku zai saya masa keken hannu. Sai ga kekunan da suka shekara a jingine a zaure an fito da su, an kai wa mai gyara ya sa musu sabuwar kaca da taya. A da idan saurayi ɗan jami'a ya hau keke ana masa kallon wanda abin duniya ya dama. Yanzu wurin ajiye kekuna cika yake, har da na 'ya'yan masu hali. Mun koma keke, amma ba wanda ya koya mana yadda ake shiri dominsa. Iyayenmu da suka yi zamanin Raleigh da Phoenix sun sani, mu kuma daga TikTok muke kwaikwayon sutura.

Mu fara da sanyin kansa. A watannin Disamba da Janairu, da asuba ma'aunin zafi a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 12 zuwa 15, da rana tsaka kuma ya koma kusan 30. A wurinmu wannan muku-muku ne, kuma ba ƙarya muke ba, jikin da ya saba da digiri 40 na watan Afrilu dole ya ji shi. Amma rigunan nan masu kumburi da ake kawowa a dila an ɗinka su ne don mutanen da ke rayuwa a inda ruwa yake daskarewa. A Landan, watan Janairu yawanci tsakanin digiri 2 ne da 8, kuma Landan ma ba ta cikin wuraren da suka fi sanyi a Turai. Wato sanyin asubarmu da muke kuka da shi, a wurin mai rigar na asali lokacin cire ta ne ya rataye. Mu kuma muka ɗauko ta muka hau keke da ita.

Ga kuma abin da ke faruwa a jiki. Idan kana murza feda, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙarfin da jikinka ke ƙonawa yake tafiya wajen tura keken. Sauran duk zafi yake zama. Mai tuƙi a matsakaicin gudu yana samar da zafin da ya ninka na wanda ke zaune sau huɗu ko fiye. Jikinka murhu ne da aka hura, kai kuma ka lulluɓe shi da bargo. Dole ya nemi hanyar huce kansa, hanyar kuwa ita ce gumi. A cikin rigar da iska ba ta ratsawa gumin ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a rigar ciki. Da ka isa ka sauka, murhun ya mutu, amma ruwan yana nan. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, tana tsotse danshi da sauri, kuma duk ruwan da ya bushe daga fata da zafin jiki yake tafiya. Yadda randa ke sanyaya ruwa ke nan. Abin da ya same ni a bencin baya bai wuce wannan ba: na mayar da kaina randa.

Mu masu bin titin Gwarzo da safe abin ya fi yi mana yawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma yamma muka nufa, don haka galibi a bayanmu take. Tana tura ka, ba ka jin ta sosai a ƙirji, ka yi ta gudu kana haɗa zufa ba ka sani ba. Sai a dawowa take tarar ka gaba da gaba.

Shi ya sa nake ganin rigar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ba wanda yake gani, wato ta jikin fata. Yawancinmu singileti ko shat ta auduga muke sawa. Auduga tana da daɗi a lokacin zafi, amma tana shan ruwa ta riƙe, kuma ta daɗe ba ta bushe ba. Abin dariya, maganin yana cikin akwatin kusan kowane saurayi a garin nan: rigar ƙwallo. Jesin nan ta Madrid ko Barcelona ko Pillars da kake sawa ranar wasa, da zaren foliyesta aka yi ta, kuma an yi ta ne takanas don mutumin da zai yi minti 90 yana gudu. Ba ta riƙe ruwa, tana miƙa gumi waje ya bushe. Tun da na koma sa jesi a ƙasa ban sake zama a aji da jiƙaƙƙen baya ba. Aibinta ɗaya, kuma gara in faɗa: tana saurin ɗaukar wari. Wanda zai sa ta kullum sai ya riƙa wanke ta kullum, in ba haka ba maƙwabcinsa a aji ne zai biya kuɗin. Sa'ar da aka yi, a hunturu idan ka wanke da magariba kafin ka kwanta ta bushe.

A kan jesin sai riga ta biyu, wadda aikinta riƙe ɗumi. Suwaita marar kauri ta isa, ko ma rigar da dama za ka yini da ita idan mai dogon hannu ce. Wanda ya dace da suwaitar ulu ta gaske a gwanjo ya yi sa'a, domin ulu ko ya ɗan jiƙa yana riƙe ɗumi. A ranakun da sanyin bai tsananta ba ni tsallake wannan ta biyun nake yi gaba ɗaya.

Ta ukun ita ce wadda na fi so a kashe wa kuɗi, kuma ita ce mafi arha. Jaket marar nauyi ta nailan, shara-shara, irin wadda 'yan wasa ke sawa wajen atisaye. Ba ta da auduga ko soso a ciki, ba ta ɗumama kowa, aikinta kawai ta hana iska ratsa ƙirji. Mai keke ko a ranar da ba iska shi yake ƙera tasa iskar, domin gudun kilomita 15 ko 20 a awa ɗaya daidai yake da tsayawa a gaban fanka. Suwaita komai kaurinta saƙa ce, iska tana bi ta ramukanta ta kwashe ɗumin. Da ka ɗora wannan 'yar ledar a sama, ɗumin da jikinka ke yi ya ishe ka. Idan ka fara jin zafi a wajen Rijiyar Zaki ka sauke zif zuwa ƙirji. Idan rana ta fito ka cire ta, ka dunƙule ta kamar ƙwallon yara ka jefa a jaka. Gwada yin haka da jibgegiyar mana. Da ƙarfe biyu na rana, ana digiri 30, za ka ga bawan Allah yana yawo da ita a hammata kamar wanda ya ɗauko katifa, ko kuma ya haƙura ya bar ta a jiki yana dahuwa saboda ba inda zai ajiye.

Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce, idan na fito ƙofar gida na ji ɗumi daidai, to na sa kaya da yawa, in koma in rage. So nake in ɗan ji sanyi a mintuna goma na farko. Ba daɗi, musamman idan mahaifiyarka na tsaye tana cewa "Kai, haka za ka fita a wannan ɗarin?" Tawa har yanzu ba ta yarda da ni ba. Nakan ce mata, "Umma, kafin in kai bakin titi na yi ɗumi," ita kuma ta ce yaran zamani ba sa jin magana.

Ga wanda zai shiga kasuwar Ƙofar Wambai nema, kada ya tsaya wa kyan launi da sunan kamfani. Ka kara yadin a bakinka ka hura. Idan iska ta wuce salin-alin, ba za ta tare maka komai ba. Idan ko kaɗan ba ta wuce ba, kuma cikin rigar yana da santsin roba, to rigar ruwa ce, za ta dafa ka kamar dankali a leda. Wadda kake nema tana tsakani, iska na wucewa da ƙyar. Sannan ka sa ta ka miƙa hannuwa gaba, ka ɗan duƙa kamar kana riƙe da kan keke. A nan ne riguna da yawa suke faɗuwa: hannun ya janye ya bar wuyan hannu a buɗe, bayan ya ɗage ya bar ƙugu a waje. A tsaye gaban madubi ba za ka taɓa gane wannan ba. Zif ya zama mai sauka har ƙasa, kuma ka ja shi sama da ƙasa sau uku a gaban mai kayan, domin rabin jaket ɗin gwanjo zif ne ya sa masu su suka rabu da su. Idan ta yi maka faɗi tana kaɗawa kamar tuta, tela zai rage ta da kuɗi kaɗan. Ka wanke ta kafin ka sa.

Wanda ko kuɗin wannan ba shi da shi fa? Akwai wani dattijo da nake haɗuwa da shi wurin mai shayi a hanya, yana shigo da kayan miya daga ƙauye a keke tun kafin a haife ni. Wata safiya na gan shi ya zaro wani abu daga cikin rigarsa ya ninke ya cusa a ƙarƙashin igiyar kaya. Na ce, "Baba, mene ne wannan kuke cirewa?" Ya ce, "Jarida ce, ɗana. Ita ce rigar sanyina." Tsohuwar jarida yake shimfiɗawa a ƙirji tsakanin riga da riga idan zai taso da asuba, rana na fitowa ya cire. Ta tare iska ta gaba, bayansa kuma a sake yake, gumi na fita. Na yi dariya a lokacin. Daga baya na gano cewa 'yan tseren keke na Turai, har a babbar gasar nan ta zagaye Faransa, sun daɗe suna karɓar jarida daga hannun 'yan kallo a kan tsauni su cusa a ƙirji kafin su gangaro. Baba bai taɓa kallon gasar ba. Ni kuma da nake karantar aikin jarida, ana ta faɗa mana a aji cewa jaridar takarda na mutuwa, ga shi na samo mata aikin da intanet ba zai ƙwace ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba wasa a ciki, wato launi. Ƙurar da ke rufe mana gari a wannan lokaci, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda a da can ruwan tafki ne ya kwanta. Idan ta sauka sosai har jirage sukan kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. To idan matuƙin jirgi da duk na'urorinsa bai ga titin sauka ba, ina ga direban tifa mai fitila ɗaya da gilashin da ba a goge ba? A Janairu rana ba ta fitowa a Kano sai wajen bakwai saura minti goma. Duk mai darasin safe da ke zaune nesa cikin duhu-duhu yake tasowa, mai darasin yamma kuma magariba ce take riskarsa a hanya. A irin wannan yanayin muke sa baƙar riga, baƙin wando, baƙar hula, a kan baƙin keken da ba shi da ko 'yar fitilar baya. Sannan idan mota ta goge mu mu ce direbobin garin nan ba su da imani. Wasu ba su da shi, gaskiya ne. Amma wani wallahi bai gan ka ba ne.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan. Don haka idan ka samu jaket biyu a dila, baƙa mai kyau da ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai ɗan muni, ɗauki mai munin. Da dare kuwa launi kaɗai ba ya wadatarwa, sai abin da ke mayar da hasken fitila, irin zanen da ke jikin rigar ma'aikatan hanya. Ana sayar da shi kamar salatif, a manna a jaka da bayan sirdi. Wanda aka ɗaura a idon sawu ya fi ɗaukar ido, saboda ƙafa tana sama da ƙasa, direba na ganinsa ya san mai keke ne.

Hular da ke haɗe da rigar sanyi, wadda muke yayi yanzu, ita ma ina da ƙorafi a kanta. Idan ka ja ta ka rufe kai, ka waiwaya don duba mota, kanka ne yake juyawa a cikin hular, ita tana nan inda take. Abin da za ka gani cikin hula ne. Ta kuma toshe kunne, wasu ma har da abin jin waƙa a ƙarƙashinta. Mai keke ba shi da madubi, kunnensa ne madubinsa. Ƙaramar hular sanyi mai kama kai ta fi, kuma tana shiga ƙarƙashin hular kwano ga 'yan tsirarun da ke sa ta. Na san ba mu da yawa.

Sai duk wani abu mai reto. Ƙafar wandon kaftani ta dama ita ce abincin kaca, duk mai keke ya san wannan baƙin tabon da ba ya fita a wanki. Tabo ma da sauƙi. Idan kaca ta cafke wandon kana tsakiyar shataletale, feda ta tsaya, kai kuma ka tafi ƙasa. Cusa shi a safa ko ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, in ka isa ka sake shi, ba wanda ya sani. Haka jelar rawani ko dogon ƙyallen da ake naɗawa a wuya, a tura bakinsa cikin riga. A 1927 wata shahararriyar mai rawa 'yar Amurka, Isadora Duncan, ta rasu a birnin Nis na Faransa saboda dogon gyalenta ya naɗe a tayar motar da take ciki. Tayar keke ba ta da ƙarfin ta mota, amma ta isa ta fizgo wuya. Wannan ya fi shafar 'yan uwa mata, ko masu tuƙawa da kansu, waɗanda na fara gani jefi-jefi a cikin makaranta, ko ƙannenmu da muke goyawa a kariya zuwa islamiyya. Ba sai an taɓa tsawon hijabi ba, a dai tattare bakinsa a zauna a kai ko a riƙe a cinya. Ni ba na murza feda sai na waiwaya na ce, "Ke, kin tattare?" ta ce ta tattare.

Hannu da kunne da leɓe kuwa, su ne suke shan wuya alhali ƙirji na gumi. Yatsu suna gaba, ba sa motsi, iska na dukansu, kuma su ne za su ja birki. Yatsan da ya ƙage ba ya kama birki da wuri. Safar hannu marar kauri ta wadatar, ko irin ta 'yan gini mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, wadda ma ta fi riƙe ƙarfe. Man kaɗe ko basilin a leɓe da bayan hannu kafin a fita. Takunkumin da muka watsar bayan korona yana rage ƙura, yana kuma sa iskar da kake shaƙa ta ɗan yi ɗumi, ko da yake ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙurar gaba ɗaya. Ga mai asma, ranar da hazo ya yi kauri gara ya biya kuɗin Adaidaita, kuma maganin shaƙarsa ya kasance a aljihu.

Akwai waɗanda maganar gumi da sanyi a wurinsu ta wuce rashin jin daɗi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma da wuya ka samu ajin da ba mai ita. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Jiƙaƙƙiyar riga a cikin iskar hunturu ta haɗa biyun a lokaci guda. Ina da abokin karatu mai ita da yake hawa keke, kuma shi ne ya fi mu tsari: kullum da busasshiyar riga a jakarsa, yana isa ya shiga bayi ya canza, ga gorar ruwa ko yana jin ƙishi ko ba ya ji. Shi ba na ba shi shawarar ya fita yana jin sanyi kamar yadda nake yi. Wannan tsakaninsa da likitansa ne. Amma rigar canjin nan tasa, na kwaikwaya.

Na san abin da ke ran wasu tun ɗazu, domin an faɗa min a fuska. Wani abokina da na yi wa wannan dogon bayanin ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma ni in shigo makaranta da rigar ruwan lemo da wando cikin safa kamar mai gyaran fitilar titi? A bar ni da gumina." Ban ga laifinsa ba. Muna shekarun da kallon mutane yake da nauyi, kuma dama hawa keken kansa sai da wasunmu suka danne zuciya. Jibgegiyar rigar nan wani lokaci ba don sanyi ake sa ta ba, cewa take yi: kada ka ga keke ka raina ni. Na fahimci wannan sarai, don ni ma dalilin da ya sa na sayi tawa ke nan.

Sai dai a duba wanda ya fi fita fes a ƙarshe. Mutanen da kake so su gan ka ba a kan titin Gwarzo suke da bakwai na safe ba, a aji suke da ɗakin karatu da wurin cin abinci. Ni ina isa nake tsayawa a wurin ajiye kekuna, in cire jaket in dunƙule, in saki ƙafar wando, in goge fuska, in fito da hulata daga jaka in kafa. Minti biyu. Ranar Juma'a ma a ninke nake ɗauko rigar shaddar, sai na isa in sa. Shi kuwa mutumina yana shigowa da rigarsa mai tsada, goshi na naso, shatin gumi a hammata, ƙura ta mayar da baƙin ya koma ruwan ƙasa, domin ba abin da ke nuna ƙurar hunturu kamar baƙin yadi. Zuwa azahar kowa ya san ya yi gumi da safe, ba sai an tambaya ba.

Tawa jibgegiyar tana nan, ban yar ba. Ina sa ta idan za mu zauna kallon ƙwallon dare a waje, ko in na fita sallar asuba, wuraren da mutum ke zaune ko yake tafiya a hankali. A can tana aikinta. Ƙanina ya roƙe ni ita zai je Jos wajen wani biki, na ba shi aro, ya dawo yana cewa ita ta cece shi. Abokin nawa kuwa har yau da tasa yake hawa keke, sai dai makon jiya na lura ya fara sa jesi a ƙasa. Na tambaye shi, ya ce wai don ƙungiyarsa ta ci wasa ne.